Katunan Kawu Uku

Ranar da na fara koyon aikin ajiye bayanan marasa lafiya a Ikara, tsinke aka miƙo mini. Dogon tsinken ƙarfe ne mai mariƙin katako, wanda za ka rantse daga hannun mai tsire aka karɓo shi. Na juya shi, na sake juya shi, na ɗaga kai na dubi Babban Akawu raina a ɓace. Ni da na gama makaranta da sakamako mai kyau, na sha farar rigar da Inna ta wanke ta sa mata bula, a zatona gaban tafireta za a zaunar da ni. Ga ta can kuwa a kan teburi, an lulluɓe ta da ƙyalle.

"Malam, wannan fa?" na ce.

"Shi ne aikin," in ji shi. "Gama ɗaure fuskar tukuna, sannan ka matso in nuna maka."

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Turawa suna ta naɗe tabarmarsu, ana neman yaran ƙasa su koyi aiki, mu kuwa muna ji a jikinmu cewa duniya sabuwa ce kuma tamu ce. An ce in yi koyo a ƙarƙashin Babban Akawu, in ya gamsu da ni a tura ni Zariya in yi jarrabawa. Shi tsohon soja ne, mutumin kudancin Zariya, a asibitin soja ya koyi aikin kati. Hausa ta zauna daram a bakinsa, ba'a kuwa kamar don shi aka yi ta. Tun a makon farko ya raɗa mini suna Barkono, wai ko kallona aka yi sai na yi yaji. Ban musa ba, don har yau da furfurata haka nake.

Ofishin ɗan ɗaki ne a jikin ɗakin shan magani, cike da akwatunan katako, kowane akwati cike da katuna. Mafi yawansu na masu ciwon kuturta ne. A shekarun nan an samu ƙwayar maganinta, 'yar ƙarama fara. Ranar kasuwa malamin asibiti yakan zauna a gindin bishiya can bayan gari, a Paki, a Makarfi, a Kudan, mutane su yi layi, kowa ya haɗiye tasa a gabansa, akawu kuma ya yi alama a katinsa. In mutum ya yi shekaru yana sha ba fashi, sai a sa shi cikin waɗanda likita zai duba idan ya zo zagaye, in ya ga ciwon ya mutu ya sallame shi. Katin shi ne shaida. Komai daɗewarka kana sha, in katinka bai nuna ba, sabon shiga ne kai.

Kowane kati yana da zanen jikin mutum, gaba da baya, inda ake zana wurin da tabon ciwon ya fito. Gefensa kuma an jera ƙananan huji zagaye, kowane huji da abin da yake nufi: wannan namiji, wannan mace, wannan magidanci, wannan tabo a baya, wannan Paki, wannan ya daina zuwa. In abin ya dace da mai katin, sai ka sa almakashi ka tsaga hujin ya buɗe har baki. Ranar da kake neman wasu irin mutane, sai ka zura tsinken nan ta hujin da kake so, ya ratsa katunan duka, ka ɗaga ka girgiza. Waɗanda aka tsaga sai su zubo, sauran su maƙale. Da na ga haka karon farko na saki baki, fushin ya tafi. Jikokina da ke danna kwamfuta a asibiti yanzu, in na ba su labari dariya suke yi, ni kuwa nakan ce musu ai kakar kwamfutarku ce, ku gaishe ta da ladabi.

Amma kafin ya bar ni in taɓa kati ko ɗaya, sai da Babban Akawu ya tsayar da ni ya daina dariya.

"Barkono, a nan za ka ga sunan maƙwabcinka, za ka ga na limaminku, wata rana ka ga na wadda kake nema da aure. Abin da ka gani a kati, a kati zai tsaya. Ko uwarka ce ta tambaye ka, ba ka sani ba. Ka ji?"

Na ce na ji. Na faɗa ne da sauƙi, don ban san wanda zan gani ba.

Ina da kawu a Malikanchi, ƙanen Inna ciki ɗaya. Falke ne, mazarƙwaila yake sarowa a fadamun Makarfi da Kudan, inda doki ke juya injin matse rake, ya ɗora wa jakunansa ya bi kasuwanni. Ina yaro, babu wanda nake murnar zuwansa kamar shi. Tun daga ƙofar gida za ka ji muryarsa yana tsokanar Baba, don ƙanen mata da mijin yaya abokan wasa ne, su biyun kuwa sun riƙe wasan da gaske. Ya kira Baba malalaci, Baba ya kira shi ɓarawon rake, su riƙe hannun juna suna ƙyaƙyata dariya, ni kuma ina laluben aljihunsa.

Sai mutumin nan ya canza, ba wanda ya san dalili. Ya daina ba da hannu, sai dai ya tsaya daga nesa ya dafa ƙirji. Ya ware kwanonsa da butarsa. Ya ƙaurace wa ɗakin matarsa tana da tsohon ciki. Da ta haihu, mace ce, bayan maza da suka yi ta samu, abin da ya daɗe yana roƙon Allah, amma ranar suna aka miƙo masa jaririya ya maida hannayensa baya ya ce a kai ta ciki. Har yarinyar ta yi ƙafa, ta fara magana, bai taɓa ɗora ta a cinyarsa ba. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce sammu aka yi masa. Inna kuwa abin ya tsaya mata a rai, kullum ta tuna sai ta yi tsaki ta share ido da bakin zane. Ana cikin haka labari ya zo cewa ya fara sayar da jakunansa, wai da an gama yankan rake zai tafi kudu fatauci. Da aka tambaye shi yaushe zai dawo, sai ya ce Allah ne masani.

A cikin kwanakin ne akawun da ke zuwa Kudan ya tafi sunan ɗansa, Babban Akawu ya ce in je in riƙe masa. Murna kamar me, karon farko ke nan da aka sake ni ni kaɗai da akwatin kati. Na kwana a Makarfi, da sassafe na bi motar 'yan kasuwa. A gindin wata ɗorawa muka zauna, nesa da rumfuna, malamin asibiti da kwalbar ƙwaya da tulun ruwa, ni da akwatina a kan cinya. Ina kiran suna, mutum ya matso ya haɗiye, in yi alama, kaina a sunkuye kamar yadda aka koya mini, don kada in kunyata kowa da kallo.

Na kira wani suna da ban taɓa ji ba. Aka amsa ƙasa-ƙasa daga cikin rawani. Hannu ya miƙo don karɓar ƙwaya, hannun riga ya ɗan zame, sai ga tsohon tabon ƙuna a damtse, wanda tafasasshen ruwan rake ya yi. Na san tabon nan tun ina ƙarami, na sha taɓa shi ina tambaya ko da zafi. Na ɗaga kai, muka haɗa ido da Kawu.

Ya haɗiye ƙwayar, ya kurɓi ruwa a ɗan ƙoƙon da ya zo da shi, ya juya. Na yi alamar, na kira na gaba.

Da aka watse na bi sawunsa, na same shi a bayan wata gonar rake, zaune kusa da jakin da ya rage masa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ja jiki baya kaɗan.

"Duk faɗin ƙasar nan," ya ce, "sai nan suka ga damar turo ka?"

"Kawu, tun yaushe?"

Ya ce tun matarsa tana da cikin yarinyar nan wani wanzami ya ga tabo a bayansa, ya ce masa wannan ba ƙyasfi ba ne, ya je a duba. Ya fara shan magani a Paki da sunan da ba nasa ba. Ya daɗe yana zuwa, sai wata rana ya hango mutumin unguwarsu a kusa da layin, ya sulale, bai ƙara komawa ba. Ya koma Makarfi da wani sunan, aka buɗe masa sabon kati. Can ma bayan an daɗe ya ci karo da wani abokin cinikinsa, ya gudo Kudan, suna na uku, kati na uku. Ko sau ɗaya bai bar shan maganin ba, amma da ya tambayi malamin Kudan yaushe za a sallame shi, sai aka duba kati aka ce ai yanzu ya fara, da sauransa da yawa.

Zuciyata ta taso, na manta da kawu nake magana. "Haba Kawu! Don Allah wane irin abu ne wannan? Ka bar Inna tana kuka, ka bar matarka tana zaton ka tsane ta, kana ta yawo da sunayen mutane kamar mai gudun haraji?"

"Rage murya, mara kunya," ya ce, amma ba da ƙarfi ba. "Kai yaro ne. In aka ji, wa zai sayi abin da zai sa a baki daga hannuna? Wa zai auri 'ya'yana? Na gaji, ɗana. Kullum sabon shiga. Yarinyar nan kuma ta fara bi na tana jan rigata. Wata rana zan manta in ɗauke ta, in shafa mata. Gara in yi nisa." Ya ɗago ya dube ni. "In ka faɗa wa Yaya, ban yafe maka ba."

Na ce ko bai roƙe ni ba, aikina ya riga ya rufe mini baki. Na koma Ikara, ga tausayi ga haushi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne gida. Da na je ƙarshen mako, Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗauko maganar tun ban cire takalmi ba.

"Kai da kake yawon kasuwanni yanzu, ba ka haɗuwa da wannan ɗan'uwan nawa da ya fi ƙarfinmu?"

"Mutane da yawa nake gani, Inna."

"Hmm. Ni na goya shi, ni na yi masa wanka, yau ni ce ƙazamar da ba zai ci tuwona ba. Ya tafi mana! Ya tafi kudun, ya bar mana marayu da ubansu a raye. Wallahi ban taɓa ganin mai baƙar zuciya irin..."

"Inna, ki bar shi haka nan!"

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga rariyar ta tsaya a hannunta. "Au," ta ce, "har da kai? An sa farar riga, an fara yi wa uwa tsawa. Madalla." Maganar tana bakina, wallahi tana kan harshena, kalma biyu kawai in faɗa ta daina zaginsa. Na haɗiye, na durƙusa na ba ta haƙuri, na fita zaure na zauna ina huci. Ranar na san nauyin abin da na ce wa Babban Akawu na ji.

Da na koma aiki na rasa sukuni. Na yi ta kewaye-kewaye, can na ce, "Malam, a ce wani mutum ya sha magani a wuri uku da suna uku, ana iya haɗa masa katunan su zama ɗaya?"

Babban Akawu ya sauke tabarau ya dube ni ta samansa. "Wannan mutumin naka na a ce, yana da baki?"

"Yana da shi."

"To, je ka tambaye shi. In ya yarda, ana iya haɗawa, aikinmu ke nan ma, mutum ɗaya kati ɗaya. Amma sai ya zo nan da ƙafarsa ya faɗi sunansa na gaskiya. In bai yarda ba, ba ruwanka, ko da kuwa ubanka ne. Kuma ka daina taka mini ƙasa da ƙarfi, akwatuna na girgiza."

Na roƙa aka sake tura ni Kudan. Sai da na yi da gaske kafin Kawu ya saurare ni. Ya ce sunansa na gaskiya a takardar hukuma, ai tonon asiri ke nan. Na ce masa akwatin nan yana da kwaɗo, mutum biyu ne ke buɗe shi, ɗaya tsohon soja ne da ba ya shiga sabgar kowa, ɗayan kuma ɗan yayarsa ne da ya sha faɗan uwarsa bai tona asirin ba. Na ce likita na nan tafe kafin a gama yankan rake, in aka haɗa katunan zai shiga cikin waɗanda za a duba. Ban yi masa alkawarin sallama ba, don ba a hannuna take ba. Na ce dai ya bari a duba shi kafin ya sayar da jakin nan na ƙarshe.

Daga ƙarshe ya ce to. Ya faɗa mini sunan da ya bayar a Makarfi nan take. Da na tambayi na Paki sai ya kau da kai, ya ce an daɗe, ya manta.

Katin Makarfi bai ba ni wuya ba. Na Paki kuwa, shi ne mafi tsufa, in babu shi lissafin ba zai kai ba, ga shi ba suna. Babban Akawu ya jawo akwatin waɗanda suka daina zuwa, ya dire a gabana, ya miƙo tsinken. "Ga tsirenka, Barkono. Gasa mu gani."

Na zura ta hujin Paki, na ɗaga na girgiza, tuli ya zubo. Na tattara su na zura ta hujin maza, na sake ta hujin magidanta, na sake ta hujin tabo a baya. Kowace girgizawa tulin yana raguwa. Da suka rage 'yan kaɗan na shimfiɗa su a teburi ina duba zanen. Ga shi nan kuwa: tabo ƙarƙashin kafaɗar hagu, wani a cinya, daidai da na Makarfi da na Kudan, a gefe kuma akawun Paki, Allah ya saka masa da alheri, ya rubuta cewa akwai tsohon tabon ƙuna a damtsen dama. Na yi hamdala. Sannan na kai idona sama in ga sunan.

Sunan Baba ne. Sunan ubana, cikakke, har da na kakana.

"Kan uban can!" na ce, na miƙe har kujera ta faɗi. Babban Akawu ya leƙo, na nuna masa ina haki, na ce wannan sunan mahaifina ne, shi kuwa mai katin ƙanen mahaifiyata ne. Mutumin nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafa bango yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "To, wannan ma a kati zai tsaya. Ɗaga kujerar."

Ranar da Kawu ya zo Ikara, ta bayan gari ya shigo, rawani har hanci. Kafin mu shiga na tare shi a bakin ƙofa. "Kawu, ka manta, ko? Sunan Baba ne ka manta?"

Ya sunkuyar da kai, sai na ga kafaɗunsa suna motsi. "Malamin ya tambaye ni ba zato, shi ya fara zuwa bakina," ya ce. "Ai shi ma ya daɗe yana cin tuwon Yaya a banza, bari ya ɗan yi mini aiki." Ya yi dariya, irin ta da, wadda na yi shekaru ban ji ba. Haushin da na taho da shi ya bi iska, na taya shi.

A ciki Babban Akawu ya ba shi kujera, ya jera katunan uku gefe da gefe, ya bi alamomin da yatsa. Inda na Paki ya tsaya, nan na Makarfi ya ɗauka, inda na Makarfi ya tsaya, na Kudan ya ɗauka, giɓin da ke tsakani bai taka kara ya karya ba. Ya ce da ni kada in kankare komai, in ja layi ɗaya a kan kowane sunan aro yadda za a iya karanta shi, in rubuta na gaskiya a sama, in sa hannu. Sannan ya juya ga Kawu. "Malam, yaya sunanka?"

Kawu ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya sauke rawanin daga bakinsa, ya faɗa. Na rubuta sau uku, na ɗinke katunan da zare suka zama ɗaya. Duk takardun da na rubuta a rayuwata, babu wadda na kyautata wa rubutu kamar wannan.

Likita ya zo ana tsakiyar yankan rake, wani dogon mutum ɗan kudu mai magana a hankali. A Kudan aka yi duban, a cikin ɗan shingen zana, ni ne mai miƙa kati kuma mai fassara inda Hausarsa ta gaza. Ya daɗe a kan katunan Kawu, ya tambayi yadda aka yi suka zama uku, na yi masa bayani, ya gyaɗa kai. Ya sa Kawu ya tuɓe riga, ya duba tabon a hasken rana, ya shafa gefensa, ya lalubi jijiyar gwiwar hannu. Ya ce ya rufe ido, ya riƙa taɓa shi da 'yar auduga yana cewa ya nuna inda ya ji. Can ya ajiye audugar ya ce ciwon ya mutu, an sallame shi, sai dai ya riƙa zuwa jefi-jefi ana dubawa.

Kawu bai motsa ba. "Tambaye shi," ya ce da ni, "ina da 'yar ƙaramar yarinya. Zan iya ɗaukarta?"

Likita ya ce ya ɗauke ta, ya goya ta ma in yana so. Ya ƙara da cewa irin ciwon nasa, tun da ya jima a kan magani, ya daɗe da daina shafar kowa. Na fassara farkon da murna, ƙarshen kuwa sai da na yi ta maza, don na ga yadda maganar ta shigi Kawu. Ya sa aka maimaita masa. Ya maida rigarsa a hankali, bakinsa yana motsi, ban san ko godiya yake ba ko lissafin shekarun da suka wuce. Na ji baƙin ciki ƙwarai a lokacin, na rasa wanda zan ɗora wa laifi, amma murnar ta fi yawa.

Bayan kwana biyu Inna ta ɗaura mayafi ta ce in raka ta Malikanchi. Ta ji an ce tafiyar ta matso, za ta je ta faɗa masa abin da ke ranta ko da shi ne na ƙarshe. Duk hanya tana shirya maganganunta, ni kuwa ina biye da ita.

Muka same shi a tsakar gida da hantsi, ba rawani, yana gyaran mangalar jaki. Matarsa tana bakin murhu, yarinyar tana maƙale da zanenta. Inna ba ta ko zauna ba.

"Na zo in yi maka sallama, tun da kai ba ka da ƙafar zuwa. Ka tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma ka sani..."

"Sannu da zuwa, Yaya," ya ce. Ya taso ya karɓi ƙullin da ke hannunta, ya kama hannun nata da nasa biyu ya zaunar da ita a tabarma. Inna ta bi hannun da kallo, maganar da ta shiryo tun daga gida ta watse. Matarsa ta tsaya da ludayi a hannu.

Sai ya juya ya durƙusa a tsakiyar gidan, ya miƙa hannayensa ga yarinyar. "Zo, uwata. Zo wurin Baba."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi hannayen, ta tsandara ihu ta shige bayan uwarta. Uwar ta jawo ta tana cewa ke, ubanki ne, je ki mana, ita kuwa ta ƙanƙame zane tana kuka.

"Ka gani ko?" in ji Inna. "Ka ga abin da ka jawo? 'Yarka ta cikinka tana gudunka, kuma a haka za ka sa ƙafa ka tafi?"

Kawu bai tashi ba, bai kuma sauke hannayen ba. Hawaye na bin gemunsa, yana murmushi.

"Ku ƙyale ta, kada ku matsa mata," ya ce. "Tana da gaskiya, ba ta san ni ba. Za ta saba. Ai ina nan, Yaya, babu inda za ni."